Sallah na tunkarar hunturu: wa zai gaya wa Ɗanbatta ranar da hazo zai sauka?

A tsakiyar Janairu, idan hunturu ya kankama, asubar Lahadi a Ɗanbatta fuska biyu gare ta, kuma mutum ba ya sanin wadda zai tarar sai ya buɗe ƙofa. Wata asubar taurari tar a sama, sanyi na cizon kunne amma ido na kaiwa har ƙarshen gonaki, kuka da gawo kowanne tsaye a gurbinsa. Wata asubar kuwa gari ya yi fari fat kamar an zazzage buhun gari daga sama. Fitilar babbar motar da ta ɗauko shanu daga wajen Kazaure ba ta haska komai sai ƙurar da ke gabanta, ga mai amalanke, ga ɗan acaɓa, ga yaron da ya koro awaki zuwa kasuwa, duk a kan kwalta ɗaya, ba mai ganin wani sai an zo dab da dab. Mai shayi ya goge teburinsa, kafin ya haɗa kofi uku ya sake yin fari. An naɗe fuska da rawani da mayafi, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, gaisuwar kowa ɗaya ce: Malam, ina sanyi, ya muka ji da wannan hazo? Amsar ma ɗaya ce: ai lokacinsa ne. Gaskiya ne lokacinsa ne, amma ba kowace ranar hunturu ce haka ba. Kuma kwana ɗaya ko biyu kafin wannan asubar, akwai mutanen da ke zaune gaban kwamfuta a Abuja da Yamai da Basalona waɗanda suka ga ƙurar tana tasowa da idonsu.

Maganar da nake son tsayawa a kai ke nan. Ilimin gano zuwan hazo kwana ɗaya zuwa uku kafin ya sauka yana nan a hannu, sai dai ilimi ne mai rabin tabbas, kuma ba zai amfani mutumin Ɗanbatta ba sai an faɗa masa shi da Hausa tare da gwargwadon tabbacinsa. A ce masa ga abin da aka gani, ga abin da ake zato, a raba masa su biyun kamar yadda ake raba tsaba da ƙaiƙayi. A halin da ake ciki, ko dai saƙon bai iso ƙauye ba sam, ko kuma ya iso a dunƙule, wai za a yi hazo a arewacin ƙasa, maganar da ba ta ƙara wa direba ko manomi komai a kan abin da ya sani tun watan Nuwamba. Mai hasashe yana tsoron ya nuna shakkarsa kada a raina shi, mai karanta labarai yana datse "mai yiwuwa" don jimla ta yi ƙarfi, shi kuma mai saurare, bayan an faɗa sau biyu bai gani ba, sai ya daina kasa kunne. A ganina shakkar da ake ɓoyewa ɗin nan ita ce rabin amfanin hasashen.

Yana da kyau a fara da inda ƙurar take fitowa, don a nan ne ake gane dalilin da ya sa za a iya hasashenta da kuma dalilin da ya sa hasashen yake rawa. Kaso mai yawa na hazon da ke lulluɓe ƙasar Kano daga arewacin Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya-Larjo, sama da kilomita 1,000 arewa maso gabas da mu. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani ƙaton tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka taru, wadda ba ta da nauyi ko kaɗan. Kwarin kuma yana bakin wata kafa ce tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, don haka iskar da ta taso daga arewa maso gabas takan matse a tsakaninsu ta fito da ƙarfi, kamar ruwan tiyo idan an danne bakinsa da yatsa. Masana sun ƙiyasta cewa wurin yana tayar da ƙura wajen kwana 100 a shekara, kuma babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi. A 2005 wata tawagar masana, ciki har da Richard Washington na Jami'ar Oxford, ta yi zaman makonni a can tana aunawa. Binciken ya tabbatar da yadda abin yake: da dare iskar takan yi gudu a ɗan sama ba ta taɓa ƙasa ba, sai hantsi ya yi, rana ta ɗumama ƙasa, sannan ta sauko ta kwashi ƙurar. Akwai kuma wasu wuraren, irin su yankin Bilma a Nijar, da ke ƙara nasu.

Me ke zuga iskar? A nan ne hunturunmu yake haɗuwa da na Turai. Idan guguwar sanyi ta ratsa Bahar Rum, iska mai sanyi da nauyi takan biyo bayanta ta taru a kan Libiya, nauyin nan shi ne yake turo iska kudu ta cikin kafar duwatsun. Shi ya sa hazo yake zuwa kashi-kashi: kwana uku ko huɗu gari a rufe, sai ya washe, sai a yi mako ko fiye a sake. Tun zamanin Turawan mulki masu lura da yanayi a filin jirgin saman Kano suka gano wata alama mai sauƙi, cewa idan tashar Faya-Larjo ta aiko da rahoton iska mai ƙarfi da rufewar gari, to a saurari hazo a arewacin Najeriya bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Yau ba a dogara da waya daga Faya kaɗai ba. Taurarin ɗan'adam na Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka duk bayan 'yan mintuna, kuma akwai hanyar haɗa hoton da ke fito da ƙura da launin hoda, a gan ta tana malala daga Chadi zuwa Borno da Yobe kamar hayaƙi. Cibiyar hasashen ƙura da ke Basalona a Sifaniya, wadda ke aiki a ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya, tana fitar da taswirar inda ƙura za ta bi na kwana uku a gaba, kullum, kyauta a intanet.

To ina rawar take? Tana wurare da yawa. Ƙura ba ta tashi sai gudun iska ya haye wani mizani, don haka ɗan kuskure a lissafin iskar yana iya zama bambanci tsakanin ranar da ba a ga komai ba da ranar da tan dubbai suka tashi. Bayan ta tashi, ɗan karkatar hanya a Chadi yana iya zama ɗaruruwan kilomita kafin ta iso nan, ta bi ta Damagaram da Maraɗi ta bar Ɗanbatta, ko ta gangara ta Potiskum da Bauchi. Sannan akwai batun tsawo: tauraron ɗan'adam daga sama yake kallo, yana iya ganin ƙura mai kauri alhali tana rataye can sama, mu a ƙasa sai dai mu ga rana ta yi fari kamar wata. Ga kuma namu na gida, hayaƙin ƙona daji da na itacen jin ɗumi da ƙurar gonakin da aka girbe, waɗanda sanyin dare ke dannewa kusa da ƙasa har hantsi. A kan wannan duka sai a ɗora ƙarancin tashoshin awo. Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗa cewa yawan tashoshin Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba, kuma Sahara, inda labarin yake farawa, ita ta fi ko'ina zama fayau. Abin da ya kamata a gane shi ne masu hasashe suna iya auna wannan rawar. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai da ke Reading a Ingila ta fara tun 1992 wani tsari na maimaita lissafi sau da yawa, kowane karo da ɗan sauyi a mafarinsa. A yau sau 51 ake yi. Idan kusan duka suka nuna abu ɗaya, tabbaci ya yi ƙarfi. Idan suka watse, mai hasashe ya san ƙafarsa ba a kan dutse take ba. Wannan sanin yana kan teburinsa, amma da wuya ya fita daga ofis.

Wani zai ce ai an daɗe ana hunturu, me ya kawo maganar yanzu? Kalanda ce ta kawo ta. Disamba da Janairu dama lokacin zirga-zirga ne: amfanin gona ya shigo gida, kuɗi ya ɗan shiga hannu, ana ɗaura aure kusan kowace Asabar da Lahadi, makarantu sun yi hutu, 'yan ci-rani sun kama hanya, maƙwabtanmu Kiristoci na Sabon Gari suna cika manyan motoci zuwa kudu don Kirsimeti. Amma yanzu ga wani abu yana ƙaruwa. Shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka azumi da Sallah suna ja da baya cikin yanayi. Azumin 2026 bayan tsakiyar Fabrairu yake. Bisa lissafi, na 2028 a ƙarshen Janairu zai kama, a 2030 kuwa watan Ramalana zai kama sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ƙaramar Sallah za ta shigo Fabrairu a 2028, ta shigo Janairu a 2031, a 2033 a yi ta sau biyu kamar yadda aka yi a shekarar 2000. Wato shekaru kusan goma masu zuwa, girkin sahur da fita tahajjud da cefanen Sallah da tsayuwar idi a fili da hawan dawakai duk a tsakiyar ɗari da hazo za a yi su. Wanda bai kai shekara 30 ba bai taɓa ganin azumi da Ƙaramar Sallah a irin wannan lokaci da wayonsa ba. Titin Kano zuwa Kazaure da Daura, wanda ya ratsa Ɗanbatta, zai ɗauki cunkoson jajiberen Sallah a daidai makonnin da ido ya fi gazawa.

Kanawa na da tabon irin wannan haɗuwa ta lokacin ibada da lokacin hunturu. A 1973 Babbar Sallah ta faɗo a tsakiyar Janairu. Ranar 22 ga watan wani jirgi ƙirar Boeing 707 da aka yi hayarsa daga kamfanin Alia na ƙasar Jodan ya taso daga Jidda da alhazai zai sauka Legas, rashin kyawun yanayi a can ya sa aka karkato shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga hanya ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. A lokacin babu haɗarin jirgin sama da ya taɓa cin rai haka a duniya. Ban kawo wannan don ɗora laifin a kan hazo ba, domin haɗari irin wannan dalilai ne ke haɗuwa. Na kawo shi ne don a ga inda aka zuba ƙarfin hasashen yanayi a ƙasar nan da kuma dalilinsa. Harkar jiragen sama ta koyi darasi da jini, don haka matuƙin da zai sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ana ba shi tazarar gani da mita, da ƙarfin iska, da yadda ake sa ran za su sauya cikin sa'o'i, har da kason yiwuwar sauyin. In gari ya rufe a soke tashi, fasinjoji su yi ta ƙorafi, amma suna raye. Direban da zai ɗauko mutum goma sha takwas daga Ɗanbatta da asuba ba a ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan, alhali rayukan da ke bayansa ba su gaza na cikin jirgi daraja ba.

Adalci ne a faɗi cewa hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, ba zaune take ba. Tana fitar da hasashen kwana uku-uku, tana gargaɗi idan tana sa ran tazarar gani za ta faɗi ƙasa da mita 1,000, tana shawartar masu cutar asma da kamfanonin jirage, kuma hasashenta na shekara ana fassara shi zuwa Hausa. A Yamai ma akwai cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET da ke yi wa yankin aiki. Giɓin yana tsakanin Abuja da bakin tasha. Sanarwar da ta lissafa jihohi goma a numfashi ɗaya, aka sa ta a Facebook da Turanci, ba ta iso wurin wanda ke ɗaura kaya a bayan mota ba. Ƙasar Burkina Faso ta nuna cewa ana iya matsowa kusa: tun 2018, da taimakon cibiyar Basalona, ake fitar mata da gargaɗin ƙura yanki-yanki da launuka, kowane launi da ma'anarsa. Ingila kuma tana gina gargaɗinta a kan tambaya biyu, wato yaya ƙarfin yiwuwar abin yake, kuma in ya faru yaya ɓarnarsa za ta kasance. Wannan tambaya biyun ita ce ta ɓace a namu saƙon.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma jayayyarsu ba ta banza ba ce. Ta farko ita ce ta addini: gobe ta Allah ce, wa ya isa ya ce ga abin da za a yi jibi? Wannan damuwa ce ta mai kishin imaninsa, bai kamata a yi mata dariya ba. Amma malamanmu sun daɗe da bambanta iƙirarin sanin gaibu da lura da alamun da Allah ya shimfiɗa a halittarsa. Manomin da ya ga hadari ya haɗo a gabas ya ce a kwashe shanya bai yi duba ba. Malaman hisabi na ƙasar Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna lissafin taurari 28 na shekara, kusan kowanne kwana 13, manoma na tambayarsu wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka. Wanda ya ga ƙura ta tashi a Bodele ta hoton tauraron ɗan'adam, ya san gudun iska, ya lissafa tazara, bai wuce wanda ya hango ayari daga kan tudu ya ce zai iso kafin la'asar ba. Kuma a lura: hasashen da ya ce "tabbas" shi ne yake kusantar abin da ake tsoro. Wanda ya ce "alamu sun nuna, in Allah ya yarda, amma tana iya kaucewa" ya fi dacewa da kimiyya, ya kuma fi dacewa da tauhidi. A wannan gaɓar ilimin zamani da tarbiyyar gida bakinsu ɗaya.

Jayayya ta biyu daga 'yan boko take fitowa, wai mutumin karkara ba zai gane maganar yiwuwa ba, a ba shi e ko a'a kawai. Wannan raini ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin daren 29 ga Ramalana ya san ba haka ba ne. A daren nan gari duka yana zaune a kan abu biyu: ko a ga wata gobe Sallah, ko a cika talatin. Tela ya san kayan da zai fara gamawa, uwargida ta jiƙa abin da zai iya kwana ta bar wanda ba zai kwana ba, mahauci ya ɗaure sa bai yanka ba, kowa kunne na rediyo ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Ba wanda ya ruɗe, ba wanda ya ce tunda ba a tabbatar ba ba zai shirya ba. Haka manomin da ke yin binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari: ya auna asarar 'yan kwanonin gero da ribar riga kowa tsiro, ya zaɓa. Mutanen da suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta ba baƙin hasashe ba ne. Hausa kuma tana da matakalar tabbaci tsaf: babu makawa, da ƙyar in ba a yi ba, akwai alama, mai yiwuwa, da wuya. Abin da ya rage shi ne masu hasashe da gidajen rediyo su zauna su ɗaure kowace kalma da ma'ana guda, ta yadda "da ƙyar in ba a yi ba" kullum tana nufin kamar sau takwas cikin goma, su kuma riƙe ta a haka shekara da shekaru har kunne ya saba.

Ta uku ta fi nauyi: in aka yi ta gargaɗi ba a gani ba, mutane za su daina yarda. Haka ne, amma a duba abin da ke kashe yardar. A ƙarshen Janairun 2015 an gaya wa mutanen birnin New York na Amurka cewa dusar ƙanƙara mai zurfin fiye da rabin mita za ta zubo musu. Aka rufe tituna, aka tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Guguwar ta ɗan karkata gabas, birnin ya sami kimanin santimita 25, Boston kuwa ta sha ta sosai. Lissafin ya nuna tun farko cewa New York tana bakin iyaka ne, ana iya samu ana iya rasawa, amma ba haka aka gaya wa jama'a ba, har shugaban hukumar yanayin ƙasar na lokacin, Louis Uccellini, ya amsa cewa dole su gyara yadda suke bayyana rashin tabbas. Da an ce musu abu biyu ne a gaba, da ba wanda zai ji an yaudare shi. Sai kuma ɗaya gefen: a makon Kirsimetin 2022 an hango guguwar da ta auka wa birnin Buffalo kwanaki kafin ta zo, hasashen ya yi daidai, duk da haka fiye da mutum 40 suka mutu a yankin, wasu a cikin motocinsu, domin dokar hana fita ta zo ne bayan da yawa sun riga sun kama hanya. Lokacin biki mutum ba ya son fasa tafiya, ko a Buffalo ko a Ɗanbatta. Wanda aka ɗaura wa ƙanwarsa aure a Daura zai je ko ana ha-maza-ha-mata. Saboda haka saƙon da zai yi aiki shi ne wanda ya ba shi zaɓi mai sauƙi, kamar ya bari sai ƙarfe tara maimakon bayan asuba, tun kwana biyu kafin ranar, lokacin da sauya shiri bai da tsada.

Daga nan ake amsa wa mai cewa talaka ko ya sani me zai yi. Abin yi yana da yawa, kuma mafi yawansa ba ya cin kobo. A leƙa fadamun da ke shan ruwan madatsar Thomas. Mai alkama yana son sanyi, don shi ya sa ake so a gama shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba, amma busasshiyar iskar da ke rako hazo tana zuƙe danshin ƙasa, don haka wanda ya san tana tafe zai yi ban-ruwa kafin ta iso. Mai famfon sola ya san cewa in rana ta dushe ruwansa zai ragu, sai ya cika kwamin da ya fi ƙishi tun yau. Mai feshin tumatir ba zai zuba kuɗin maganinsa iska ta kwashe ba. Matar da ta yanka tumatir za ta shanya kauɗa ta jinkirta kwana biyu, don kauɗar da ta sha ƙura farashinta daban ne a kasuwa. Mai 'yan tsaki ya toshe kafar akurki. A cikin gida kuwa, harawa tana kan rufi, karan dawa jingine da danga, rumbu cike, danshin iska da rana yana iya faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Tartsatsi ɗaya daga murhun sahur ko kaskon jin ɗumi ya isa. Sanarwar mai unguwa cewa daren jibi iska za ta yi ƙarfi, a kashe wuta kafin a kwanta, kada a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa, tana iya tsare abincin shekara da rayuwar yara. Malamin tsangaya ma zai san daren da ba za a bar almajirai su kwana a zaure ba bargo ba.

Lafiya ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya rayu a nan. Tari da mura da ciwon ido da tashin asma kowa ya san lokacinsu. Sanƙarau kuma, wanda busasshiyar iska da ƙura ke share wa hanya ta hanyar raunata hanci da maƙogwaro, a 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 11,000, Kano na cikin inda ya fi tsanani. A 2017 ya dawo ta Zamfara da Sakkwato da Katsina ya ci fiye da rai 1,000. ACMAD tana fitar da taswirar wuraren da yanayi ya nuna a yi hattara da cutar. Ma'aikacin asibitin karkara ya cancanci ganin wannan taswirar kafin majinyata su fara zuwa da sanƙararren wuya.

Ba ina nufin a ɗauki hazo abokin gaba ba. Gonakin da ke kewaye da Kano, waɗanda Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarinsu, ana noma su kowace shekara ba hutu tun kaka da kakanni, kuma ba su mutu ba. Takin gida da toka da kashin dabbobi su ne ginshiƙi, amma binciken da aka yi a yankin, tun daga awon da Grant McTainsh ya wallafa a 1980, ya nuna cewa ƙurar hunturu ma tana sauke wa ƙasa sinadarai masu amfani duk shekara. Farin da mai shayi ke gogewa a teburinsa taki ne daga ƙasan tsohon tafki. Baƙo ne mai zuwa da tsaraba da kuma wahala, kuma baƙo irin wannan an fi son a san ranar isowarsa.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa, a bakin mai gabatarwa a Rediyon Kano ko Freedom bayan labaran yamma, cikin daƙiƙa talatin: jama'ar Ɗanbatta da Makoɗa da Kazaure, an ga ƙura ta tashi a Chadi yau da hantsi, wannan an gani. Da ƙyar in ba ta iso mana ba tsakanin daren Asabar da safiyar Lahadi, amma tana iya bi ta arewa ta bar mu da ɗan kaɗan. In ta sauka, direba ba zai ga abin da ya wuce tsawon fili biyu na ƙwallo ba kafin hantsi. Gobe war haka za mu gaya muku ko ta matso ko ta kauce. Jimlar ƙarshen nan ita ce mafi tsada, domin ita ke mayar da hasashe hira mai ci gaba, kuma ranar da aka kuskure sai a fito a ce mun zata za ta zo ba ta zo ba, ga dalili. Masu ɗaukar saƙon suna nan a ƙasa. Hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, tana da ofishin shiyya a Ɗanbatta da malaman gona da suka san kowane ƙauye. Shugabannin tasha suna da allo da 'yan kamasho masu murya. Limamai suna da jama'a sau biyar a rana, dagatai da masu unguwanni suna da masu shela, matasa suna da zaurukan WhatsApp da saƙon murya ke zagayawa cikin minti biyar.

Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Ɗanbatta kuwa tana iya yin abin da zai ba duk wannan ƙafar tsayawa, da kuɗi kaɗan. A zaɓi alamu uku da aka san nisansu daga wuri guda, ko bishiya ko hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis, ɗaya a mita 500, ɗaya a 1,000, ɗaya a 5,000. Kowace safiya da ƙarfe bakwai ɗalibi ya tsaya ya rubuta wadda ya gani da wadda ta ɓace, a gefe kuma a rubuta abin da aka yi hasashe kwana biyu da suka wuce. Daga Nuwamba zuwa Maris kwana 151 ne. Hunturu uku na irin wannan littafi zai nuna sau nawa "da ƙyar in ba a yi ba" ta tabbata a Ɗanbatta, a aika wa NiMet ta gyara lissafinta, a karanta wa jama'a sakamakon a rediyo. In aka fara a hunturun da ke tafe, littafin zai yi kauri kafin Sallar Janairun 2031.